Lasin Motar Haya da Lasin Mashaya: Wa Ke Bayarwa, Don Me Kuma Ake Bayarwa

Barkin Sale unguwa ce a cikin Minna, babban birnin Jihar Neja, tana kuwa cikin Ƙaramar Hukumar Chanchaga. Kamar yawancin unguwannin Minna, zaman gauraye ake yi a cikinta. Akwai Gwari da Nufawa da Hausawa da Fulani, akwai Yarabawa da Ibo, akwai Musulmi akwai Kirista, kowa yana neman abin sa wa a bakin salati. Da rana ba mai tambayar wa ya ba wane izinin yin sana'arsa, domin idon jama'a yana kan kowa. Amma in dare ya tsala, aka rufe kantuna, masu tireda suka kashe fitilunsu, sana'o'i biyu ne sukan rage a farke: ta mai ɗaukar fasinja da ta mai sayar da abin sha. A lokacin ne takardar izini, watau lasin, take nuna amfaninta ko rashinsa.

Mutane da yawa suna ɗaukar lasin a kan wata hanya ce kawai ta tatsar kuɗi daga talaka. Ba a musun cewa hukuma tana samun kuɗin shiga da shi. Amma asalin manufarsa ita ce a san mutum. Wanda ya karɓi lasin ya ba da sunansa, da inda yake zaune, da lambar motarsa ko wurin da kantinsa yake, ya kuma amince da waɗansu sharuɗɗa. In ya karya su akwai abin da za a ƙwace daga hannunsa. Wanda ba shi da lasin kuwa ba shi da abin da za a ƙwace, ba shi kuma da inda za a neme shi.

Abin da Tsarin Mulki ya tanada

Kafin 1976 En'e ce ke riƙe da irin waɗannan ayyuka a Arewa, kowace da tata al'ada. A shekarar nan, wadda a cikinta ne aka kafa Jihar Neja ranar 3 ga Fabrairu, Gwamnatin Tarayya ta yi wa mulkin ƙananan hukumomi gyara, ta mai da su tsari ɗaya a duk faɗin ƙasar nan. Yanzu akwai ƙananan hukumomi 774 a Nijeriya, 25 daga cikinsu suna Jihar Neja. Birnin Minna kansa ya rabu tsakanin biyu, Chanchaga da Bosso.

Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 7 da Jadawali na Huɗu, ya jera ayyukan Majalisar Ƙaramar Hukuma. Daga cikinsu akwai kafa kasuwanni da mayanka da tashoshin mota da kula da su. Akwai sa ido a kan kantuna, da gidajen abinci, da gidajen burodi, da wuraren wanki da guga, da allunan talla. Akwai ba da lasin na kekuna, da kwalekwale, da baro, da amalanke, da kurar turawa. Sa'an nan akwai ba da lasin sayar da giya da tsara yadda za a sayar da ita.

Ya kamata mai karatu ya lura da wani abu a nan. Abubuwan hawa da aka ambata duka marasa inji ne. Da gangan aka ware masu inji. Ma'ana, tashar da tasi yake lodi a cikinta aikin Ƙaramar Hukuma ce, amma tasin kansa, da rajistarsa, da lafiyarsa, da direbansa, suna hannun Gwamnatin Jiha da hukumomin Tarayya. Rashin sanin wannan iyaka shi ya sa ake cutar direbobi da yawa, shi ya sa kuma fasinja da aka zalunta yakan kai kukansa inda ba za a iya share masa hawaye ba.

Takardun mai motar haya

Direban da ke jigila tsakanin Barkin Sale da Kpakungu, ko daga shataletalen Mobil zuwa Bosso ko Tunga ko Maitumbi, yana bukatar takardu iri-iri, ba kuma daga ofis ɗaya suke fitowa ba.

Na fari shi ne lasin tuƙi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke buga shi, tare da haɗin kan hukumar tara kuɗin shiga ta jiha da ma'aikatan duba lafiyar motoci, waɗanda aka fi sani da VIO. Lasin tuƙi aji-aji ne, na mai tuƙa motar gidansa daban, na mai ɗaukar jama'a daban. Sai rajistar mota da lambarta, waɗanda ake yi a ofishin jiha. Wannan lamba tana da bayani ga wanda ya iya karanta ta: rubutu ja na motar haya ne, shuɗi na motar gida, kore na gwamnati. Saboda haka motar da ta tsaya da dare tana kiran fasinja alhali lambarta shuɗiya ce, ta riga ta gaya wa mai hankali cewa ba a yi mata rajistar wannan aiki ba. Mai yiwuwa ne ma'aikaci ne kawai yake neman na cefane. Mai yiwuwa kuma ba shi ba ne.

Bayan waɗannan akwai takardar shaidar lafiyar mota, wadda VIO ke bayarwa bayan an duba birki da taya da fitilu da sitiyari. Akwai inshora, wadda doka ta wajabta tun 1945 domin a biya wanda mota ta yi wa ɓarna. A watan Janairu 1 ga wata, 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa ta mai da mafi ƙarancin kuɗinta Naira 15,000 a shekara ga motar gida, Naira 5,000 kuma ga keke mai ƙafa uku. Takardar inshorar bogi da ake saye a gindin bishiya tana iya wuce shingen 'yan sanda, amma ranar haɗari ba ta biyan ko kwabo.

Ta ƙarshe ita ce takardar izinin yin haya, wadda direbobi ke kira hakni. Sunan ya samo asali ne daga kekunan doki na haya na birnin Landan, inda tun 1662 aka kafa doka cewa ba mai fitowa da irin wannan keke sai da lasin, aka kuma ƙayyade yawansu a kan 400. Dalilin da ya sa aka yi haka a Ingila shekaru fiye da 360 da suka wuce shi ne dalilin yau: cunkoso a hanya, da tsawwala kuɗi, da baƙon da ba ya iya bambanta direban kirki da ɗan damfara. Don haka ne ma birane suke sa wa tasi fenti iri ɗaya, kamar ruwan ɗorawa a Ikko da kore a Abuja, a kuma rubuta lamba a jikin ƙofa yadda ko yaro zai iya haddace ta.

Tasha, ƙungiya da rasit

A tasha ne ikon Ƙaramar Hukuma ya fi bayyana. Ita ke da alhakin keɓe wurin lodi, da share shi, da samar da makewayi da fitila, da karɓar kuɗin tasha. Amma duk wanda ya taɓa shiga tasha ya san wanda ke faɗa a ji a cikinta, watau ƙungiyar direbobi. Babbar ƙungiyarsu ta ƙasa, NURTW, an kafa ta a 1978, kuma tana da amfani ƙwarai: ita ke tsara layi, ta raba gardama, ta adana kayan da aka manta, ta san wane direba ne ya tashi da ƙarfe nawa. Sau da yawa littafin ɗan kamasho ya fi fayil ɗin sakatariya cika. Duk da haka ƙungiya ba hukuma ba ce. Kuɗin da take karɓa kuɗin 'ya'yanta ne, tikitinta kuma ba ya tsayawa a madadin lasin gwamnati.

Domin a kawo ƙarshen rikicin wa ke karɓar me, Gwamnatin Tarayya ta kafa Doka mai lamba 21 a 1998, ta raba haraji tsakanin matakan mulki uku. Ta ba jiha harajin hanya. Ta ba Ƙaramar Hukuma kuɗin tasha, da tarar ajiye mota inda bai kamata ba, da kuɗin lasin giya, da kuɗin izinin tare hanya saboda biki. Ta kuma haramta kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji, ko da kuwa hukumar haraji ce da kanta, ta yanke tarar Naira 50,000 ko ɗaurin shekara 3 ga wanda ya yi. Wanda ya bi hanyoyin ƙasar nan ya san ba ko'ina aka bi wannan doka ba. Samari da sanda mai ƙusa da tarin sitika ba su ƙare ba. Abin da direba zai riƙe shi ne: kuɗin hukuma yana da rasit mai lamba da sunan hukumar a jiki, ana kuma biyansa a ofis ko a banki. Kuɗin da aka karɓa ba rasit, aljihun wani ya shiga, gobe kuma za a sake tambayarsa.

Giya da doka a Arewa

Maganar giya ta fi ta mota sarƙaƙiya, domin ta taɓa addini. Musulunci ya haramta ta, shanta da sayar da ita, yawancin majami'u kuma suna wa'azi a kan maye. A wani ɓangaren kuwa, burkutu tsohon abu ne a bukukuwan kabilu da dama na tsakiyar ƙasar nan. Lasin da hukuma ke bayarwa ba yabo ba ne, ba kuma halattawa ba ne. Iyaka ce ake shata wa abin da ake gudun ɓarnarsa.

Shata wannan iyaka ta girmi Nijeriya kanta. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burasels, babban birnin Beljiyam, wadda ta hana shigar da barasa mai ƙarfi cikin yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Arewacin Nijeriya ya faɗa cikin wannan yanki, kuma gwamnatin Lugga, wadda ta zauna a Zungeru daga 1902, ta riƙe hanin. Amma sai jirgin ƙasa ya zo. Hanyar dogo daga Baro zuwa Kano, wadda aka gama a 1911, ta ratsa Minna, ta mai da ita mahaɗa, ta tara leburori da akawuna da fatake daga kowace kusurwa. Inda albashi ya haɗu da baƙunta, mashaya ba ta daɗewa ba ta ɓulla ba. A 1917 aka kafa Dokar Giya wadda ta raba ƙasar zuwa yankin hani, da yankin taƙaitawa, da yankin lasin.  Daga bisani kundin hukunta laifuka na Jihar Arewa, wanda ya soma aiki a 1960, ya sa hukunci a kan maye a bainar jama'a ga kowa, ya kuma sa wani dabam a sashe na 403 a kan Musulmin da ya sha giya ba don magani ba.

A Jihar Neja babban sauyi ya zo a shekarar 2000, sa'ad da gwamnatin Injiniya Abdulƙadir Kure ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci. A zamanin mulkinsa aka tsananta dokar giya, hukumar lasin giya ta jiha kuma ta zama ita ce ke faɗin inda za a sayar da inda ba za a sayar ba. Ke nan mai son buɗe mashaya a Minna ba zai tsaya a sakatariyar Chanchaga kaɗai ba. Tsarin Mulki ya ambaci Ƙaramar Hukuma, gaskiya ne, amma shi ne kuma ya ce dokar jiha ce ke tsara yadda Ƙaramar Hukuma za ta yi aikinta.

Wannan riƙon hannu biyu yana da haɗarinsa. A watan Disamba 2023 labari ya bazu cewa hukumar lasin giya za ta hana sayarwa a Suleja daga 1 ga Janairu 2024. Ba a jima ba ofishin Gwamna Mohammed Umaru Bago ya fito ya ce Gwamna bai ba da wannan umarni ba. A 'yan kwanakin da ke tsakani, masu sana'a da masu adawa da sana'ar duk sun kwana cikin ruɗani. Umarnin hukuma a rubuce yake zuwa, da sa hannu da kwanan wata. Abin da aka ji a tasha ko aka gani a waya bai zama doka ba tukuna.

Abin da lasin mashaya ya ƙunsa

Lasin giya ba iri ɗaya ba ne. Akwai na wanda za a sha a wurinsa, akwai na wanda za a saya a tafi da ita. Na otal daban, na kulob daban, na mai sari daban, akwai kuma na ɗan lokaci saboda wani taro. Wanda ya karɓi na saye a tafi, sa'an nan ya jera kujeru da tebura a ƙofar kanti, ya fita daga izinin da aka ba shi. Lasin na mutum ɗaya ne da wuri ɗaya. Ba a aronsa, ba a ɗauke shi daga wannan layi zuwa wancan. Ana kuma sabunta shi shekara-shekara, kuma wannan sabuntawa ita ce damar da maƙwabta suke da ita.

Sharuɗɗan da aka saba gindayawa sanannu ne: kada a sayar wa yara, kada a ƙara wa wanda ya riga ya bugu, kada wurin ya zama maɓoyar ɓarayi ko matattarar masu sayar da ƙwaya, kada ya matsi masallaci ko majami'a ko makaranta, a sami makewayi mai tsabta wanda ma'aikatan duba-gari suka gani. Amma sharaɗin da ya fi shafar unguwa irin Barkin Sale, inda gidaje suke jingine da juna, shi ne na lokacin rufewa. Abin da ke faruwa a mashaya da ƙarfe 8 na dare ba shi ke faruwa da ƙarfe 2 ba. Da dare ya yi nisa masu iyali sun tafi gida, waɗanda suka rage sun fi buguwa, amon lasifika ya fi kai wa nesa, 'yan sanda masu sintiri kuma sun ragu. Ɗalibin da zai rubuta jarrabawa, da majinyaci, da mai tashi sallar asuba, duk suna biyan kuɗin wannan kiɗa da barcinsu, alhali ba su ci ribar komai ba.

Mai unguwa da dattawa suna da ikon rubuta ƙorafi kafin a sabunta lasin. Ƙorafin da ke da nauyi shi ne wanda ya faɗi rana da lokaci da abin da ya faru, da sa hannun magidanta. Abin da ba su da ikon yi shi ne tara samari su fasa kwalabe ko su cinna wuta. Wanda ya yi haka ya mai da mai laifi mai ƙara, a gari mai addinai biyu kuma ƙaramar wuta irin wannan ba a san inda za ta tsaya ba.

Inda sana'o'in biyu suka haɗu

Wanda ya fito mashaya da tsakar dare ɗayan biyu zai yi: ya tuƙa kansa, ko a tuƙa shi. In ya tuƙa kansa a buge ya aikata laifi, ya kuma sa ran duk wanda ke kan hanya cikin haɗari. In za a tuƙa shi, to, tilas a sami abin hawa da aka san mai shi. Mafi muni shi ne a ce direban ne ya sha. Giyar leda da ta ƙananan kwalabe, wadda ake saye da canjin aljihu a bakin tasha, ita ta sa hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hana yin ta a mazubin da bai kai mililita 200 ba a farkon 2024, bisa wata yarjejeniya da aka yi da masana'antu a 2018, ko da yake daga baya an ƙara musu wa'adi zuwa ƙarshen 2025. Amma rufe masana'anta kaɗai bai isa ba. Teburin da ke cikin tasha, wanda ke sayar da ita da sunan maganin basir ko na ciwon baya, yana kan ƙasar Ƙaramar Hukuma, ita ce kuma ta ba shi wurin.

In wannan ƙaramin aiki na yau da gobe ya gagara, babbar hukuma takan zo da babban gatari. Minna ta ga haka fiye da sau ɗaya. A farkon 2014 gwamnatin Dokta Mu'azu Babangida Aliyu ta hana acaba a cikin birnin. A watan Yuni 2021 gwamnatin Abubakar Sani Bello ta sake hanawa saboda matsalar tsaro. A watan Afrilu 2025 kuma, sakamakon ta'asar 'yan daba, gwamnatin Bago ta hana acaba da Keke Napep fita daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Kowane daga cikin waɗannan matakai yana da dalilinsa, gwamnati kuma ba ta iya zuba ido ana sare mutane. Sai dai hani na gaba ɗaya ba ya tantancewa. Mai shayi da mai tsire waɗanda cinikinsu na dare ne, da ma'aikaciyar jinya da ta tashi aiki, da ɗan acaba mai 'ya'ya biyar wanda bai taɓa ɗaukar ɗan daba ba, duk sanda ɗaya ta doke su. Da a ce kowane babur da kowace keke tana da lamba a jiki da suna a littafi, kowace mashaya kuma tana rufewa a kan lokacinta, da an iya kama mai laifi a bar mai gaskiya ya nemi abincinsa.

Ƙananan hukumomi sun daɗe suna kukan cewa ba su da kuɗin ɗaukar ma'aikatan da za su yi wannan sintiri. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye daga asusun Tarayya, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai za su riƙe su. Wannan ya ƙara wa jama'a hujjar tambayar kansilansu: mashaya nawa ke da lasin a wannan mazaɓa, yaushe aka duba su, ina kuɗin tasha yake tafiya.

Ga mazaunin Barkin Sale da ke da ƙorafi, hanyoyin a rarrabe suke. Abin da ya shafi tasha, da wurin lodi, da kanti, da tsabta, a kai wa kansila ko sakatariyar Ƙaramar Hukumar Chanchaga. Mota marar lafiya ko marar takardu, a gaya wa VIO. Tuƙin ganganci ko tuƙi cikin maye, a gaya wa Hukumar Kiyaye Haɗurra ko 'yan sanda. Mashayar da ba ta da lasin ko ta wuce lokacinta, a rubuta wa Ƙaramar Hukuma, a aika da kwafi ga hukumar jiha. Kayan da aka manta a cikin tasi, a fara da ofishin ƙungiya a tashar da aka hau. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan ofisoshi, tambayar farko da za a yi wa mai ƙorafi ita ce lambar motar ko sunan layin da wurin yake, sai kuma ranar da abin ya faru da ƙarfe nawa.